Yadda Na Je Ɗauko Hoton Rabi'u a Sama

Tun da na dawo daga Kaduna ban huta ba. Ranar kasuwar Tsanyawa sai mutum ya shigo shagona kamar zai yi fasfo, ya zauna a benci, ya gyara hula, ni kuma in ɗauko kyamara, sannan ya ce, to Ado, yaya jiragen? Ashe labari ya zo ji kyauta. Ku kuma abokan sana'a na cikin birni kun hana wayata sakat, wai in turo abin da na ɗauko ku ƙaru. To ga shi zan rubuta sau ɗaya, ku ƙaru ɗin. Na canza sunayen mutane, kuma kawuna ba ya karanta boko. Duk wanda ya kwashi rubutun nan ya je ya karanta masa, ni da shi sai a gaban Allah.

Tafiyar ba tawa ba ce tun asali. Kawu Isyaku, yayan mahaifiyata, yana da ɗa mai suna Rabi'u, taubashina ke nan, wanda ya shiga sojan sama shekarun baya. Da ya zo hutun farko aka tambaye shi aikinsa, ya ce a filin jirage yake. Kafin maganar nan ta tsallaka daga zaure zuwa dakalin masallaci, Kawu ya riga ya ɗora shi a kujerar direba. Ƙauyenmu kuwa a kan hanyar jiragen da ke sauka Kano yake. Duk wanda ya wuce, ko na alhazai ne, sai Kawu ya dogara fartanya ya ɗaga hannu ya ce ga Rabi'u nan.

Kowa ya ƙyale shi sai Malam Sabo, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda Allah ya halitta musamman don ƙaryata Kawu. Shi ne ya ce a gaban jama'a, yaron da sai da ya yi gemu ya iya keke, shi ne zai tuƙa jirgi? Kawu ya ce zai sa a turo hoto ta waya. Malam Sabo ya ce jikansa ma yana da hoto a gaban Ka'aba, alhali bai taɓa wuce Bichi ba. In dai ana so ya yarda, sai Ado mai hoto ya je ya ɗauko da hannunsa, don shi ne bai iya wannan haɗe-haɗen ba. Yabo ne ko zagi, har yau ban gama rarrabewa ba.

Ana haka aka ji a rediyo cewa sojojin sama za su yi wasan jirage a Kaduna, kowa yana iya zuwa kallo. Kawu ba ya roƙo, sanarwa yake yi. Ya aiko aka kira ni, ya ce zan je Kaduna in ɗauko Rabi'u yana sama, a kafa hoton a zaure, Sabo ya zo ya gani ya mutu. Tsohon nan bai fita majalisa da sakin fuska ba tun ranar da aka yi masa dariya, don haka ban yi musu ba. Na kira Rabi'u na gaya masa. Sai ya hau kawo min dalilai: wai akwai rana, wai akwai cunkoso, wai hanya ba kyau. Na ce masa rowa ce kawai, kada ya damu, ba zan cinye masa albashi ba.

Da safen da zan tafi, Inna Rakiya, mahaifiyarsa, ta jawo ni bayan rumbu ta ba ni ƙunshin kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli, da wata ƙaramar jarka cike da rubutu. Ta ce in tabbata ya sha kafin ya hau. Na lura ta rame, awarwaronta har yana gangarowa gwiwar hannu. Na daɗe da sanin cewa in jirgi ya wuce, Kawu yana waje yana ɗaga hannu, ita kuwa sai ta ajiye duk abin da take riƙe da shi ta shige ɗaki. Na ɗauka ƙarar ce ba ta so.

Daga Tsanyawa zuwa Kano ba labari, sai akuyar wani da ta ɗauki jakar kyamarata a matsayin matashi. A Unguwa Uku na shiga motar Kaduna, direban ya rantse mana hanya ta gyaru. Ta gyaru kuwa, a wuraren da ta gyaru. Kusa da ni wani bawan Allah ne mai sayar da maganin gargajiya, da ya ji inda za ni sai ya zama masanin jirage nan take. Ya bayyana min cewa jirgin yaƙi ba ya shan mai, iska yake sha, kuma direbobinsa ba a ba su tuwo don kada su yi nauyi. Muna Zariya ya koma kan basir, bai sauka daga kansa ba har muka shiga Kaduna.

Rabi'u ya ce ba a kwana da baƙi a bariki, ya haɗa ni da wani mutumin garinmu mai sayar da albasa. Mutumin kirki ne, ya ba ni shinkafa da wake, ya shimfiɗa min tabarma a cikin sitonsa tsakanin buhuna. Na yi barci lafiya. Sai dai da gari ya waye, babbar rigar da na tanada don shiga cikin manya ta riga ta zama 'yar kasuwa. Duk inda na tsaya a ranar, mutane sai su ba ni fili, ni kuma na ɗauka girmamawa ce.

Ƙofar filin nan, wallahi mutum ya tsallaka Nijar ya fi sauƙi. Layi ne dogo, a ƙarshensa teburi da sojoji da wani kare wanda daga ganinsa ya fi ni cin nama. Karen ya sunsuna ƙunshin daddawa, ya yi atishawa, ya koma gefe ya kwanta. Sojan da ke bincike mutumin kudu ne, ya ɗaga jarkar rubutu yana kallonta a hasken rana, ya tambaye ni da Turanci wane irin baƙin ruwa ne wannan. Na fara bayani tun daga allo da tawada. Wani soja Bahaushe da ke gefe ya ƙunshe dariya, ya ce min, Malam, doka ce, ba a shiga da ruwa sai mai shi ya sha an gani. Na kurɓa. Suka ce in ƙara. Na ƙara. Saboda haka duk wanda ke shirin hawa jirgi a cikinku ya nemi kujera kusa da ni, a tsare nake.

Ciki kuwa duniya biyu ce. Manya suna ƙarƙashin rumfa a kan kujeru masu riga, mu kuma muna bayan igiya a rana. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba mai gaisawa da kowa. Na yi sallama ga mutanen da na tarar a gefena, suka dube ni kamar na zo neman bashi. A garinmu in ka tsaya kusa da mutum haka, kafin a jima ka san sunan kakansa da abin da ya shuka bana. Aka yi jawabi, aka sake yin jawabi, aka yi jawabin godiya ga masu jawabi. Aka raba wa 'yan rumfa abinci a kwali, na leƙa na wani da ya fito da nasa: shinkafa cikin tafin hannu, da ɗanyen ganye irin wanda muke zuba wa zomo. Na juya baya na ci ƙuli-ƙulin Rabi'u, Allah ya yafe min.

Masu hoto an ware mana kusurwa guda. Nan na ga abin da ya fi ƙarfina. Kowa da kyamara mai hanci kamar taɓarya, wasu har sai an kafa mata ƙafafu. Na kusa da ni wani ɗan gayu ne mai gajeren wando, sunansa Kabiru, haifaffen Kano amma Hausarsa sai da rakiyar Turanci. Ya dubi kyamarata cikin ladabi ya ce kakansa ma yana da irinta a kabad. Sannan ya ba ni shawara: in riƙa bin jirgin da kyamara tun daga nesa, in danna kafin ya iso, kuma in na danna kada in saki. Na ce masa na gode, amma tun kafin a yaye shi nake wannan sana'a.

Ku da kuka san ni kun san yadda nake aiki. A zamanin fim na koya, wurin maigidan da in ka ɓata hoto ɗaya sai ƙeyarka ta gaya maka. Mutum zai tsaya, in gyara masa wuyan riga, in ɗaga masa haɓa, in ce kada a motsa, in ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan in danna. Haka na ɗauki angwaye da alhazai da 'yan sakandare na rabin ƙasar Tsanyawa, ba wanda ya taɓa dawo min da hoto.

To, jirgin yaƙi ba shi da wannan tarbiyya. Na farko da ya zo, na ji ƙararsa ta dama na juya dama, ashe shi ya riga ya wuce hagu. Na biyu na gan shi da idona, na saita, bakina da kansa ya ce kada a motsa, ina kan biyu ya ɓace. Kabiru yana gefena kyamararsa tana ta ƙara kamar keken ɗinki, ni kuwa ina ta tara hotunan sama. Sama mai kyau kuwa, shuɗiya, irin wadda muke da ita a gida ba sai an biya kuɗin mota ba. A ɗaya akwai hayaƙi. A wani akwai ƙeyar wani alhaji da hularsa, ta fito tas. Jirgi mai saukar ungulu ne kaɗai ya san girman manya, ya zo ya tsaya cak a gabanmu har na gama ƙirge.

Duk wannan kuma ban san wanne ne na Rabi'u ba, wayarsa a kashe. Da wasu direbobin suka sauko ana tafa musu, na miƙa wuya ina nemansa. Ɗaya daga ciki ya cire hular kwano, sai ga kitso. Mace ce, yarinya ma, tana tafe tana ɗaga wa mutane hannu. Na ce a raina, Malam Sabo da kana nan da yau an kai ka asibiti.

Sai aka ɗan dakata. Mai sanarwa ya ce a yi haƙuri kaɗan. Ashe garken belbela ne ya sauka a ciyawar da ke gefen titin jirgi, ba nisa da igiyarmu, suna kiwonsu hankali kwance. Wata ƙaramar mota ta taho a guje, soja ya diro daga ciki da wata bindiga mai ƙara kawai, ya harba sama. Tsuntsayen suka tashi, suka yi kewaye ɗaya, suka dawo inda suke. Sai sojan ya rataya bindigar, ya ruga cikinsu yana wurga ƙafar hagu waje, ya tsaya, ya ɗaga hannu biyu sama, ya kurma wani ihu mai jan wuya.

Na san gudun nan. Na san ihun nan. Da shi aka yi ta tashina daga gyangyaɗi a gonar shinkafar Kawu ta Watari, lokacin da ake tura mu gadin tsuntsu da majajjawa da gwangwanaye a igiya. Ya tsaya hannu a sama bai motsa ba yana jiran su yi nisa. Mutum a tsaye, bai motsa ba. Hannuna bai ma yi shawara da ni ba, na ƙirga uku na danna.

Belbelar nan ba su sake dawowa ba, aka ci gaba da wasa. Ni dai daga nan ban ƙara ɗaga kyamara ba. Dariya ta zo min, ta kuma koma, don na tuna fuskar Kawu a dakalin masallaci.

Da aka tashi, aka bar mutane su je su ga jiragen da ke ajiye. Can na sami Rabi'u, ya riga ya san na gani. Na ƙame na sara masa na ce, ranka ya daɗe, direban belbela. Duk wasan taubasantakar da ke tsakaninmu, bai yi ko murmushi ba. Ya ce tsuntsu ɗaya in ya faɗa injin jirgi, har da na cikinsa za a rasa, kuma shi ba ya jin kunyar aikinsa a gaban kowa a filin nan.

Ya ce, "Ban taɓa cewa ina tuƙi ba, Yaya Ado. Baba ne ya faɗa. Na ga yadda ya yi murna, na kasa cire masa."

Na tambaye shi Inna fa? Ya ce ita ba ta taɓa ɗaga maganar ba, in ya kira sai dai ta tambaye shi ko ya ci abinci, yana jin ita ma daɗi take ji. Na miƙa masa jarkar rubutun da abin da ya rage na ƙuli-ƙuli. Ya shanye rubutun a tsaye. Sannan ya tambaye ni abin da zan je in faɗa a gida, muryarsa ƙasa-ƙasa, soja guda da kakinsa.

Na ce ya nemo min hular kwano. Ya aro ta wani abokinsa. Na tsayar da shi a gefen wani jirgi mai dogon hanci, na sa ya rungume hular a ƙugu, na gyara masa wuyan riga, na ɗaga masa haɓa. Nan fa aka zo gidana. Kabiru ma da ya wuce ya leƙa, sai da ya ce kai, Baba, wannan ya fito.

A Kano na tsaya aka wanke shi babba aka sa masa gilashi. Na iso gida da la'asar sakaliya, majalisa ta cika kamar an yi shela. Kawu ya karɓi hoton da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, ya miƙa wa Malam Sabo ba tare da ya dube shi ba. Malam Sabo ya juya shi gaba da baya, har da ƙwanƙwasa gilashin, sannan ya ce to amma ai wannan a ƙasa yake, na gan shi a sama? Na ce jirgin da ke sama ba a ganin na cikinsa, amma ni shaida ne, sai da Rabi'u ya ba da hanya sannan aka ci gaba da tashi ran nan. Ban yi ƙarya ba, ku duba maganar da kyau. Malam Sabo ya mayar wa Kawu hoton. Kawu kuwa godiyar da ya yi min ita ce, wai hoton ya yi ƙanƙanta.

Aka shiga da shi cikin gida don mata su gani, na bi baya in gaida Inna. Ta karɓa, ta dubi hular kwanon nan da jirgin. Ta kife hoton a kan tabarma. Ta tambaye ni ko ya sha rubutun, na ce ya sha. Sannan ta tambaye ni a hankali, wai in sun hau, har ina suke kaiwa? Ta ce tun da yaron nan ya fara wannan aiki, duk jirgin da ya wuce sai ta shiga ɗaki ta yi ta addu'a har ƙarar ta ɓace, don ba ta san wanne ne nasa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin Kawu, na ji haushin Rabi'u, na fi jin haushin kaina da na je har Kaduna na ƙawata mata abin da ke hana ta cin abinci, har da gilashi. Na leƙa zaure na ga ba kowa kusa. Na ciro kyamara, na wuce hoton sama, na wuce wani na sama, na wuce ƙeyar alhaji, na miƙa mata.

Ta kai shi dab da idonta. Ba ta daɗe ba.

"Wannan ai korar tsuntsu yake."

"Shi ne aikinsa, Inna."

"Kullum?"

"Kullum. Ƙafarsa ba ta barin ƙasa."

Ta zauna a kan turmi da kyamarar a cinyarta, hawaye yana zuba tana dariya. Ta ce dama tun yana ƙarami ba wanda ya kai shi, shekarar da ya yi gadi ko zangarniya ɗaya ba su rasa ba. Ta goge fuska da bakin mayafi, ta ce in wanke mata wannan ɗan ƙarami, wanda zai shiga cikin kwalla. Na tambaye ta Kawu fa. Ta ce in bar shi da nasa.

Babban hoton yana nan a zaure, duk baƙon da ya zo sai an tsayar da shi a gabansa. Shekaranjiya na je gidan da hantsi, ina tsakar gida sai ga jirgi ya taho. Daga waje na ji muryar Kawu yana gaya wa masu wucewa ga Rabi'u nan. Inna tana tankaɗen garin dawa, ko kai ba ta ɗaga ba. Da ƙarar ta lafa sai ta ce in miƙo mata faifan can, kuma kada in tafi sai na ci ɗumame.